Wasan Yo-yo da Lissafin Yaranmu: Kada Mu Jira Sai Sun Shiga Makaranta

 A wannan fitowa ba za mu yi maganar iri ko taki ba. Za mu yi maganar wani ɗan abin wasa na yara. Mun san wani zai ce, ina ruwan malamin gona da wasan yara? Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sa'an nan ku yanke mana hukunci.

Kwanakin baya mun je taron wata ƙungiyar gama kai. Mutum 24 ne a cikinta, sun haɗa kuɗi daidai wa daida, sun sayo taki buhu 30. Kowa ya ɗauki buhu guda, saura shida. A kan buhu shidan nan aka yi ta gardama har rana ta yi sanyi. Magatakarda ya duba littafinsa ya ce kowa zai ƙara samun rubu'in buhu. Waɗansu ba su yarda ba, gama ba su ga yadda ya yi ya kai ga wannan amsa ba, har wani ya fara cewa akwai cuta a ciki. Daga bisani wata tsohuwa, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta tashi ta tsinci tsakuwa 24, ta kasa su kashi shida a ƙasa, ta ce, "Ga shi nan, ku huɗu-huɗu za ku raba kowane buhu." Nan take magana ta mutu. Amsarta da ta magatakarda ɗaya ce, amma tata kowa ya gan ta da idonsa.

A ƙauyen nan dai muka tarar da wani yaro ɗan shekara biyar wanda ubansa yake fahariya da shi, wai ya iya ƙirga har ɗari da Turanci. Gaskiya ne, ya rera mana ita tiryan-tiryan kamar waƙa. Muka ce masa, "To, ɗan samari, je ka rumbu ka kawo mana masara goyo bakwai." Ya tafi ya dawo da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Da muka ce ya ƙirga, bakinsa ya kai goma sha biyu tun yatsansa yana kan na biyar.

Abin da muke so mu faɗa ke nan. Lissafi a hannu yake farawa kafin ya kai allo. Yaron da bai ƙirga abin da yake gani yana taɓawa ba, ko ya haddace lambobi dubu, bai fara lissafi ba tukuna. Kuma wannan aiki bai kamata mu bar wa malamin makaranta shi kaɗai ba. A gida za a fara shi, tun yaro yana shekara uku ko huɗu, ta hanyar wasa. Cikin wasannin da muka gwada da yara, yo-yo yana cikin waɗanda suka fi ba mu mamaki.

Mene ne yo-yo?

Waɗanda suke zuwa kasuwar gari sun san shi, 'yan koli suna sayar da na roba. Faifai biyu ne ƙanana, an haɗa su da ɗan sanda a tsakiya, an ɗaura zare a jikin sandan an naɗe. Mai wasa yakan sa madaukin zaren a yatsa, ya saki abin ya gangara ƙasa yana juyawa, ya ɗan fizgi hannu, sai ya hau zaren ya komo tafinsa. Wadda ta taɓa kaɗi da mazari ba za ta ga baƙon abu a nan ba. Nauyi ne da juyi da zare.

Tsohon wasa ne ƙwarai. A wani gidan ajiye kayan tarihi a birnin Balin na ƙasar Jamus akwai wani kwanon yumɓu na mutanen Girka, na wajen shekara 440 kafin haihuwar Almasihu, da zanen yaro yana wasa da shi. A zamanin nan kuwa, wani mutumin ƙasar Filifin mai suna Pedro Flores ne ya buɗe masana'antarsa a garin Santa Barbara na Amurka a 1928, daga nan ya bazu cikin duniya. Har sararin sama an kai shi a 1985, cikin kumbon Amurka mai suna Discovery, don a ga yadda zai yi a inda abu ba shi da nauyi. Mun kawo wannan tarihi ne domin a sani ba abin raini ba ne. Amma abin da ya dame mu shi ne amfaninsa a tsakar gidanmu.

Me ya sa ya dace da koyon ƙirga?

A 1978 waɗansu masana biyu a Amurka, Rochel Gelman da Randy Gallistel, suka rubuta littafi a kan yadda ƙaramin yaro yake gane lamba. Sun nuna cewa ƙirga ta gaskiya tana da ƙa'idodi, uku daga cikinsu su ne tushe. Ta fari, kowane abu lamba ɗaya yake samu, ba a tsallake wani, ba a kuma ƙirga wani sau biyu. Ta biyu, lambobi suna da jerinsu wanda ba ya sākewa. Ta uku, lambar da aka faɗa a ƙarshe ita ce yawan abin duka. Yaron nan mai masara ya riƙe ta biyu sosai. Ta fari da ta uku ne ba shi da su, su ne kuwa waƙar aji ba ta koyarwa.

To, ga inda yo-yo ya shigo. Idan ka zube wa yaro gyaɗa ka ce ya ƙirga, bakinsa yakan riga hannunsa. Yo-yo kuwa ba ya yarda a yi masa gaggawa. Sai ya sauka ya hau kafin a sake jefa shi. Yaro ba shi da halin cewa "uku" sai abin ya komo hannu karo na uku. Dole bakinsa ya jira idonsa. Sa'an nan wasan yana da ƙarshe: zaren ya sarƙe, ko abin ya mutu a ƙasa ya ƙi hawa. A nan kowane yaro yana so ya san nawa aka yi, domin yana so ya san ko an fi na ɗazu. Tambayar "nawa ke nan?" ba malami ne ya ɗora masa ita ba, shi da kansa yake neman amsarta.

Haɗa wasa da koyo ba sabon ra'ayi ba ne. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa makarantar ƙananan yara a 1840 ya kuma sa mata sunan da ma'anarsa ita ce lambun yara, abin farko da yake ba yaro shi ne 'yan ƙwallaye masu taushi na zaren ulu, ɗaure da igiya, a riƙa lilo da su sama da ƙasa, hagu da dama. Mu manoma mun san abin da ake nufi da lambu. Ba a jan tsiro da hannu don ya yi tsawo. Ƙasa ake gyara masa, a ba shi ruwa a kan kari.

Akwai kuma binciken da ya kamata kowane uba ya ji. A 2007 wani masani mai suna Greg Duncan da abokan aikinsa suka tattara manyan bincike guda shida da aka yi a Amurka da Ingila da Kanada, inda aka bi yara tun daga shigarsu makaranta har shekaru bayan haka. Suka tarar cewa ɗan lissafin da yaro ya shigo da shi ranar fari shi ne ya fi nuna yadda zai yi ƙoƙari a gaba, har ya fi sanin baƙaƙe. A 2008 kuma Geetha Ramani da Robert Siegler suka gwada wani wasa da 'ya'yan talakawa a Amurka waɗanda ba su kai shiga firamare ba. Allo ne mai gidaje goma a jere, an rubuta 1 zuwa 10, yaro yana tura ɗansa gaba yana faɗar lambar kowane gida. Zama huɗu kawai aka yi cikin mako biyu, duka-duka wajen awa guda. Yaran suka ƙaru a ƙirga, da gane lambobi, da sanin wadda ta fi wata girma, kuma bayan mako tara abin bai gushe ba. Waɗanda suka yi wasan a kan allo mai launuka, ba lambobi, ba su sami wannan ƙaruwa ba. Wannan gwaji da allo aka yi shi, ba da yo-yo ba. Darasin da muka ɗauka daga ciki shi ne, wasa kaɗan yana yin aiki babba idan akwai lamba a cikinsa, kuma akwai babba a kusa da yake sa yaro ya faɗe ta. Wasa shi kaɗai bai isa ba.

Yadda za a yi shi a gida

Ba sai an kashe kuɗi ba. Kafinta zai iya yanka faifai biyu daga guntun katako, faɗin kowanne kamar santimita 5 ko 6, watau kamar bakin ƙaramin kofin shayi. Ya huda tsakiyarsu daidai, ya sa ɗan sanda mai kaurin da bai kai fensir ba, ya bar 'yar tazara tsakanin faifan yadda zare zai shiga ba tare da matsi ba. A goge gefen ya yi sumul don kada ya ji wa yaro. Zaren auduga mai ƙwari, wanda aka murɗa riɓi biyu, ya isa. Ga masu koyo, a ɗaure zaren tam a jikin sandan, gama haka ne yake sa abin ya komo da sauƙi.

Tun wurin ƙira darasi ya fara. Idan faifai ɗaya ya fi ɗaya nauyi, yo-yo zai karkace. Ku bar yaro ya riƙe su, ɗaya a kowane hannu, ya faɗi wanda ya fi nauyi. Tsawon zare kuma akwai ƙa'idarsa: daga ƙasa zuwa cibiyar mai wasa. Saboda haka zaren kowane yaro dabam ne. A jera su a ƙasa, a tambaya, na wa ya fi tsawo? Na wa ya fi gajarta? Waɗanne ne daidai?

Ga 'yan shekara uku zuwa huɗu

Waɗannan ba za su iya sarrafa shi ba, kada a tilasta musu. Yaya ko wa ne zai yi wasan, su kuwa su yi ƙirga. Duk sa'ad da abin ya komo hannu, a tafa sau ɗaya a faɗi lamba ɗaya. Kada a wuce biyar da fari. In an tsaya, a tambaya, "Nawa muka yi?" Idan yaro ya koma yana ƙirgawa daga ɗaya maimakon ya ce "huɗu", kada a tsawata masa. Alama ce bai riƙe ƙa'ida ta uku ba tukuna. A ce masa, "I, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Huɗu ke nan duka." Da yau da gobe zai kama.

Bayan haka a ba shi tsakuwa ko ƙwallon dabino. Kowace jifa ya ajiye guda a gabansa. In wasan ya ƙare ya ƙirga abin da ya tara. A nan ne zai gane cewa jifa biyar da tsakuwa biyar da yatsa biyar duk "biyar" ɗin nan ce guda. Mu manya muna ganin wannan kamar ba kome ba ne. A wurin yaro babban buɗi ne.

Ga 'yan shekara biyar zuwa shida

A ja layi a ƙasa da kara, a raba shi gida goma, a rubuta 1 zuwa 10. Kowane yaro yana da dutsensa. Idan an yi masa jifa uku kafin abin ya mutu, ya tura dutsensa gida uku. In juyinsa ya sake zagayowa aka sami biyu, kada ya ce "ɗaya, biyu". Ya ci gaba daga inda yake, ya ce "huɗu, biyar". Wannan ɗan bambanci shi ne ƙofar tarawa. Wanda ya riga kai gida na goma ya ci. Kafin nan a riƙa tambaya, saura gida nawa ka isa? Wa yake gaba, da nawa ya fi ka? Ga ɗebewa ta shigo ba wanda ya kira sunanta.

A auna zaren da kamu, watau daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Yaro ya auna da nasa, uba ya auna da nasa. Amsa za ta bambanta, yaro kuwa zai tambayi dalili. A nan sai a nuna masa abin da ya sa ake da ma'auni guda wanda kowa ya yarda da shi, a ɗauko tef ɗin tela ko rula. Yaron da ya gane wannan ba zai yi mamaki ba ran da ya ga mudu biyu a kasuwa, na saye dabam, na sayarwa dabam.

A kuma sa shi ya ƙirga naɗi nawa zaren yake ci kafin ya ƙare. Kafin ya fara, a ce ya yi kintace. Sa'an nan ya naɗe ya gani ko ya yi kusa.

Ga 'yan shekara shida zuwa bakwai

Yawancinsu yanzu hannunsu ya yi ƙwarin da za su jefa da kansu. A ba kowa juyi biyu ya haɗa abin da ya samu. A ƙirga sauka da hawa dabam-dabam, watau biyu, huɗu, shida, takwas. A jera tsakuwa biyar-biyar kamar yadda kakanninmu suke ƙirga wuri a kasuwa kafin zuwan kuɗin Turawa. Idan yaro ya jefa abin bai komo ko sau ɗaya ba, a tambaye shi me za a rubuta masa. Ta haka zai san sifiri, ya kuma san cewa "babu" ma tana da gurbinta a littafi. A ninka zare biyu a nuna rabi, a sake ninkawa a nuna rubu'i. Da mutanen taron nan sun yi wannan suna yara, da buhu shida bai cinye musu yini ba.

Abu na ƙarshe, wanda muka fi so, shi ne a naɗa yaro guda ya zama magatakarda. Ya rubuta sunan kowa da abin da ya ci, a ƙasa ko a bayan kwali. In an gama, sauran su duba ko ya rubuta daidai. Gobe a ba wani. Yaran da suka saba duba littafin junansu ba tare da faɗa ba, su ne za su riƙe mana ƙungiya nan gaba.

Abin da masu suka suke cewa

Mun ji maganganu da dama, waɗansu kuwa suna da gaskiya a ciki.

Wani dattijo ya ce mana, "Malam, muna da dara, muna da carafke, muna da 'yar gala-gala. Me ya kai mu ga wasan Turawa?" Baba ya yi gaskiya, ba mu kuwa ce a bar namu ba. Dara tana koyar da tunani da hangen gaba, carafke tana koyar da ɗauka ɗaiɗai da bibbiyu da uku-uku. Duk abin da muka faɗa a sama ana iya yin mafi yawansa da tsallen igiya ko da tsakuwa kaɗai. Abin da yo-yo ya ƙara shi ne zare da za a auna, da nauyi da za a gwada, da tafiya a hankali wadda ƙaramin yaro zai iya bi da ido. Dara kuwa ta yi wa ɗan shekara huɗu nauyi. Wanda ba shi da yo-yo kada ya ce ya sami hujjar zama. Ya yi da abin da yake hannunsa.

Wata uwa ta ce, "Ni ban yi boko ba, me zan koya masa?" Mama, ke ce kike auna hatsin tuwo kullum ba ya kasawa, ke kike riƙe lissafin adashi a ka. Kin fi ƙarfin ƙirga ɗaya zuwa goma. Ki yi da Hausa, ko da yaren gidanku, duk wanda yaron ya fi ji. Idan ya san mece ce bakwai a harshen uwarsa, sa mata sunan Turanci aikin kwana kaɗan ne a makaranta.

Waɗansu suna cewa wasa yana lalata yaro, ya hana shi aiki. Ba mu ce a yini ana yo-yo ba. Minti goma ko goma sha biyar da yamma, bayan an dawo da awaki, ya wadatar. In yaro ya gaji a bari. Abu guda muke roƙo: kada a kawo bulala cikin wannan wasa. Da yawa cikinmu mun tsani lissafi ne domin mun koye shi da tsumagiya a bayanmu, har yau in an ce "bakwai sau takwas" sai gabanmu ya faɗi.

Akwai kuma maganar hatsari, ita ma gaskiya ce. Zare yana iya naɗe wuyan jariri ko mai rarrafe. Kada a bar yo-yo a hannun yaron da bai kai shekara uku ba, kada a bar shi a shimfiɗa, a rataye shi sama in an gama. Kada a sa madauki ya matse yatsa har ya kumbura. Masu kallo su ja baya kamar taku biyu, gama katako ne, in ya sami goshi ko haƙori ba wasa.

Ina ruwan ƙungiya?

Ku duba aikin gona na yau. Buhun takin zamani kilo 50 ne. Lambobin nan 15-15-15 da suke jikin buhu suna nufin kashi 15 cikin ɗari na kowane sinadari uku, watau kilo bakwai da rabi na kowanne a buhu guda. Buhun yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari ne, watau kilo 23 na sinadarin da yake sa ganye ya yi kore. Wanda bai iya wannan lissafi ba, ba zai san wanne ya fi masa araha ba, sai abin da mai shago ya faɗa. Idan aka ce a shuka masara santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a rami, ana neman tsiro wajen 53,000 ne a hekta. Wanda ya buɗa tazara ya mai da ita santimita 50, ya bar tsiro ɗaya, ya zubar da rabin gonarsa tun ranar shuka. Maganin feshi ana auna shi da mililita a cikin lita. Kuskure kaɗan, ko amfanin gona ya ƙone, ko ciyawa ta ƙi mutuwa, ko mai feshin ya cutu. Ga rance da kuɗin ruwansa, ga sikelin mai saye, ga kuɗin da ake turawa ta waya, inda sifiri guda ya isa ya raba mutum da gumin shekara.

Dattawanmu suna tuna 1973, lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, da irin ruɗewar da aka yi a kasuwannin ƙauye. Suna kuma tuna 1976, da aka buɗe makarantun firamare kyauta ga kowa. Yau kusan kowane ƙauye yana da makaranta kusa, amma ku leƙa aji ɗaya ku gani. Malami guda, yara cike da ɗaki har ƙasa. Ba shi da halin ya zauna da kowane yaro ya ga ko yatsansa da bakinsa suna tafiya tare. Dole ya sa su rera. Mu da muka yi kwalejin horon malamai mun tsaya a gaban irin wannan aji, mun san ba lalaci ba ne, yawa ne. Abin da malami ba zai iya yi wa yara masu yawa haka ba, uwa ko yaya za ta iya yi wa yaro ɗaya a gindin bishiya.

Cikin yawon da muke yi, mun ga ƙungiyoyi da suka watse. Ba kullum sata ce take kashe su ba. Sau da yawa zato ne. Mutum ɗaya ne ya iya littafi, sauran ba su iya duba shi ba, saboda haka ko ya yi gaskiya ba mai shaidarsa, ko ya yi kuskure ba mai gyara masa. Ƙungiyar da mutum goma suka iya bin lissafinta ta fi wadda take da gwani ɗaya ƙarfi.

Shawararmu

Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa wannan magana cikin abin da za ta tattauna a taronta na gaba. Ga abin da muke ba da shawara a yi.

Na ɗaya, a ba kafintan gari aikin yo-yo goma daga guntayen katako, a ajiye su wurin mutum guda kamar yadda ake ajiye injin feshi na ƙungiya.

Na biyu, a sami saurayi ko budurwa biyu da suka gama firamare, su riƙa tara ƙananan yara na ɗan lokaci sa'ad da iyaye suke taro. Da rani ya fi sauƙi a fara, kafin aikin gona ya taso.

Na uku, 'yan mata su shiga daidai da maza. Kada a ce yarinya ta riƙe goyo ta yi kallo. Ita ce gobe za ta riƙe kuɗin cefane da na adashi da na ƙungiyar mata, ita ce kuma za ta koya wa nata 'ya'yan.

Na huɗu, kada a tsaya a wasa. Ranar rabon taki ko awon hatsi, a kira yara su ƙirga buhu da babbar murya. A aike su su kawo ƙwai shida, ba "'yan ƙwai" ba. A tambaye su kaji nawa suka shiga akurki, saura nawa a waje.

Na biyar, bayan wata uku a gwada su da abin da muka gwada yaron nan: a ce su kawo masara goyo bakwai. Ku rubuto mana abin da kuka gani, mai daɗi da marar daɗi, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da shi.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna zaɓen iri tun a gona, muna gyara rumbu tun kafin kaka. Ma'ajin ƙungiyarku na shekara ashirin masu zuwa yana nan yanzu a tsakar gida, ba riga, yana wasa da ƙasa. A ba shi zare da katako da minti goma na lokacinmu.

Sai mun sadu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka.